Daga allon zayyana zuwa fuskar waya: Yadda ake ƙera firam da adon gefen hotuna

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na dangi ya san irin hoton nan: amarya a tsakiya, furanni masu ruwan hoda sun zagaye ta, zinare na ƙyalli a kusurwa huɗu, a ƙasa kuma an rubuta sunanta da na ango. Haka ake yi wa jariri ranar suna, da ɗalibi ranar sauka, da alhaji ranar da ya dawo daga Saudiyya.

Mafi yawan waɗannan firam ɗin ba a nan aka zana su ba. Ana sauke su ne daga intanet, shi ya sa sau tari za a ga hoton kamu ko na hawan sallah a cikin adon da aka tsara domin Kirsimeti ko bikin wata ƙasa mai dusar ƙanƙara. Wani lokacin ma firam ɗin ya cinye rabin goggoron uwar amarya.

Ƙera firam da adon gefe ba abu ne mai wuya ba ga mai waya ko kwamfuta, kuma sana'a ce da wasu ke cin abinci da ita. Amma akwai ƙa'idojin da idan aka tsallake su, ba kyan aikin kaɗai ke lalacewa ba, har hoton kansa ana iya yin asararsa.

Inda abin ya samo asali

Turawa na kiran wannan al'ada sikirafbuk, wato littafin da ake manna guntaye a cikinsa: hotuna, wasiƙu, katin gayyata, yankin jarida. Ta yi tashe a Ingila da Amurka a ƙarni na 19, har marubucin nan Mark Twain ya yi rajistar wani littafi mai shafuka da aka riga aka shafa wa gam a shekarar 1873.

Salon da ake yi a yau ana danganta shi da wata mata mai suna Marielen Christensen, daga jihar Utah ta Amurka. A 1980 ta baje kundaye 50 na tarihin iyalinta a wani taro kan adana bayanai da aka yi a Salt Lake City, shekara guda bayan haka ta buɗe shagon sayar da kayan aikin a garin Spanish Fork.

Da kwamfuta ta shiga gidaje, sai almakashi da gam suka koma cikin manhaja. An fitar da Photoshop a 1990, amma sai a 1994 aka saka masa abin da ya sauya komai, wato leya. Leya kamar farantan gilashi ne da aka jera ɗaya bisa ɗaya: takardar shimfiɗa a ƙasa, hoto a kanta, firam a kan hoton, rubutu a can sama. Ana iya ɗaga ɗaya ko a goge shi ba tare da an taɓa sauran ba.

Har yanzu masu wannan aiki na amfani da girman shafin takarda da suka gada, inci 12 tsawo, inci 12 faɗi, kimanin santimita 30 ke nan kowane gefe.

Lissafi kafin ado

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne tun kafin a ja layi ɗaya, wajen zaɓen girman shafi.

Hoto a waya ko kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Domin ya fito sumul a takarda, ana so kowane inci ya samu fiksel 300. Saboda haka shafi mai inci 12 yana buƙatar fiksel 3600 a tsaye, 3600 a kwance. Takardar A4 kuwa 2480 da 3508 ce. Hoton da ake wankewa mai inci 5 da 7 yana son 1500 da 2100.

To, hoton da aka sauke daga Instagram galibi faɗinsa fiksel 1080 ne. A fuskar waya ya yi kyau, amma idan aka raba 1080 da 300, inci uku da rabi da ɗan ɗori ne kawai zai bayar a takarda. Wanda ya ja shi ya cika A4 zai ga fuska ta yi dishi-dishi, gefen firam ɗin kuma ya yi kaca-kaca kamar haƙoran zarto.

Dokar a nan ita ce a zana babba, a rage daga baya. Firam mai fiksel 3600 zai iya komawa 1080 domin sitatus ba tare da ya rasa komai ba. Ƙarami ba ya komawa babba, duk da alƙawarin da wasu manhajoji ke yi.

Tagar da ke tsakiya

Firam ba komai ba ne illa zane mai rami a tsakiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe sabuwar leya, a zana murabba'i a cika shi da launi, sannan a zaɓi wani murabba'in da bai kai shi girma ba a cikinsa, a goge. Abin da ya rage shi ne firam ɗin. Idan ana son mai siffar ƙwai, ko mai baka irin ta ƙofar masallaci, siffar ciki kawai ake sauyawa.

Wurin da aka goge zai nuna ƙananan murabba'ai farare da masu ruwan toka, kamar gidan dara. Alama ce cewa wurin wayam yake, duk abin da aka sa a ƙarƙashi za a hango shi.

A nan ne nau'in fayil ke da muhimmanci. JPEG, wanda kyamarar waya ta fi amfani da shi, bai san wayam ba. Idan aka adana firam da shi, ramin zai toshe da fari ko baƙi. PNG, wanda aka amince da shi a 1996, shi ne ke riƙe wurin a buɗe. Saboda haka firam da duk wani adon gefe da PNG ake adana su.

Akwai kuma wata yaudara da ta cika intanet: hotunan da aka zana musu gidan darar a jiki, ana kiran su PNG, alhali tsakiyar a toshe take. Ana gane su ne idan aka ɗora su kan hoto, gidan darar ya ƙi ɓacewa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma sukan yi wannan, a nemi firam mai rami su zano gidan dara su miƙo.

Ƙwararru ba sa goge hoton da kansa domin ya shiga firam. Suna amfani da wata dabara da ke ɓoye abin da ya wuce iyaka maimakon yanke shi, kamar an sa labule. Idan daga baya aka ga an rufe hannun amarya mai lalle, sai a matsar da hoton kawai, domin komai na nan a bayan labulen.

Gefe, da matsalar kusurwa

Adon gefe ya fi firam ɗaukar lokaci, kuma a nan ake bambanta gwani da ɗan koyo.

A ɗauki bakin leshi, mai tudu-tudu. Ana yin sa da burushi mai siffar da'ira, mai kaifin baki. A cikin saitin burushin akwai wurin da ake ƙayyade tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo. Idan faɗin burushin fiksel 100 ne aka sa tazarar a kashi 90 cikin 100, da'irorin za su jeru suna ɗan hawa kan juna. A Photoshop da GIMP, ana danna farkon layin, a riƙe maɓallin Shift, a danna ƙarshensa, sai jerin ya fito a miƙe. Daga nan a rufe rabin da'irorin da dogon murabba'i mai launi ɗaya da su, bakin leshi ya samu.

Idan ana son ƙananan huji a cikin kowane tudu, sai an yi ɗan lissafi. Tsakanin tudu da tudu fiksel 90 ne. Magogi mai faɗin fiksel 30 zai buƙaci tazarar kashi 300 domin kowane huji ya faɗa tsakiyar tudunsa. Wanda ya yi da ka zai ga hujin farko ya zauna daidai, na goma kuma ya goce zuwa baki.

Ɗinki ma haka ake kwaikwayonsa: a matse burushin ya zama siriri mai tsawo kamar ƙwayar shinkafa, a buɗa tazarar, a sa shi ya riƙa bin inda layin ya nufa.

Sai zanen da ake maimaitawa a tsawon gefe, kamar na ribon. Ana zana gida ɗaya, manhaja ta jera shi. Matsalar ita ce mahaɗa: idan ƙarshen dama bai dace da farkon hagu ba, za a ga tsaga a kowane gida. Maganinta wani umarni ne da ake kira ofset, wanda ke gusar da zanen da rabin faɗinsa, ya kawo bakunan biyu tsakiya inda ido zai gan su. A gyara mahaɗar a nan, tsagar ta tafi.

Kusurwa ce ke tona asirin kowa. A ce tsawon gefe fiksel 3000 ne, gidan zanen kuma 200. Zai shiga sau 15 cif. Amma idan gidan 220 ne, zai shiga sau 13 da ɗan rara, wato a kusurwa za a sami rabin fure ko dagi mai yankakken kai. Ko dai a daidaita girman gidan tun farko ya raba tsawon ba saura, ko a zana wani ado na musamman a zaunar da shi a kusurwa huɗun, jerin ya tsaya a jikinsa.

Masu gaggawa sukan ja zanen su miƙar da shi domin ya kai. Da'ira ta koma ƙwai, kuma ko wanda bai san zane ba zai ji wani abu bai zauna ba.

Akwai hanyar rage wahala: a gama kusurwa ɗaya da rabin gefunanta biyu, a kwafa, a juya ta dama, sannan a kwafi duka biyun a juya su ƙasa. Rubu'in aiki ya ba da cikakken firam, kuma ɓangarorin sun yi daidai da juna.

Abin da ke gida

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli da yake baƙo a ƙasar Hausa. Mai zayyana da ke ƙawata allon sauka ko shafin Alƙur'ani rubutun hannu yana raba filinsa ne kafin ya sa alƙalami, domin adon gefe ya haɗu a kusurwa. Mai ɗinkin hula yana ƙirga gida-gida domin zanen ya zagayo ya tarar da mafarinsa ba tsaga. Maginan da suka ƙawata fuskar gidaje a Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram sun san yadda ake zagaye ƙofar zaure da zane, wanda shi ma firam ne, sai dai na ƙasa da siminti.

Abin mamaki shi ne ƙarancin waɗannan zane-zane a cikin hotunan bukukuwan Hausawa. Dagin Arewa ne kaɗai ya samu shiga, shi ma yawanci ana manna shi ne a kusurwa kamar tambarin kamfani. Ga aska takwas ta babbar riga, ga zanen faifai da tabarma, ga aikin dukawa a jikin fata, ga sassaƙar ƙwarya, ga zanen lalle. Kowanne zai iya zama adon gefe.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce ɗaukar hoton abin da kansa: a shimfiɗa hular ko zanen saƙin a inuwa da rana, ba a cikin hasken rana kai tsaye ba, a riƙe wayar daidai samansa ba a karkace ba, sannan a cire bayan a manhaja. Wannan na riƙe kamannin zare da saƙa, abin da zanen kwamfuta ba ya iya kawowa.

Ta biyu ita ce sake zana shi da layi a manhaja irin Inkscape, wadda kyauta ce. Irin wannan zane ba da ɗigo ake ajiye shi ba, da lissafin layuka ne, don haka dagi ɗaya zai iya zama a katin gayyata yau, gobe a allon talla, bai dusashe ba. Sirrin dagi kuwa shi ne saƙar: kowane zare idan ya bi ta sama a wannan mahaɗa, ta ƙasa zai bi a ta gaba. Aka kuskure wuri ɗaya, ya tashi daga dagi ya koma tarin layuka.

Wani abin lura a gefe: katin gayyata da kalandar biki sukan ƙare a ƙasa bayan taro. Shi ya sa malamai suka daɗe suna jan hankali kan buga ayoyi a jikinsu, kuma mai ɗaukar ado daga zayyana zai fi samun kwanciyar hankali idan ya tsaya ga zanen gefen, ya bar rubutun.

Inuwa da zinare

Abin da ke sa firam ya yi kamar an ɗora shi a kan takarda shi ne inuwa. Ita ma an fi lalata ta da yawa. Takarda ba ta da kauri, don haka inuwarta gajeriya ce, mara duhu sosai. Ribon ya fi ta tashi kaɗan, maɓalli ko fure ya fi ribon. Kuma dukkan inuwoyin shafi ɗaya gefe guda za su faɗa, domin rana ɗaya ce. Shafin da inuwar firam ta yi hagu, ta fure ta yi dama, yana gajiyar da ido.

Masu sayar da irin wannan ado sukan bar shi ba inuwa, mai saye ya sa tasa daidai da shafinsa.

Zinare kuma akwai abin da ya kamata mai biyan kuɗi ya sani. Fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Injin buga kati da tawada huɗu yake aiki. Zinaren da ke walƙiya a waya zai fito a takarda kamar ruwan ɗorawa mai duhu, ba ƙyalli. Mai son ƙyalli na gaske sai ya biya kuɗin manna takardar zinare, wanda aiki ne na daban a wurin masu buga kati. Launuka masu tsananin haske, musamman shuɗi da kore, su ma sukan dusashe. Buga gwaji guda ɗaya kafin a buga ɗari biyar ya fi arha.

Idan adon zai kai har bakin takarda, ana barin rarar milimita 3 a kowane gefe domin wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kullum. Siririn layin da aka sa dab da baki shi ne ya fi nuna wannan, gefe ɗaya ya yi kauri, ɗaya ya ɓace.

Kayan aiki da haƙƙin mai zane

Ba sai da Photoshop ba, wanda yanzu kuɗin wata-wata ake biya. GIMP, da wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fara a 1995, kyauta ne. Photopea yana aiki a cikin burauza, yana kuma buɗe fayilolin Photoshop. A waya akwai ibisPaint X da Picsart da PixelLab. Canva ya fi dacewa da jera abin da aka riga aka zana, ba ƙera sabon gefe daga tushe ba.

Kowacce aka zaɓa, a ajiye fayil mai leyoyinsa daban, PSD a Photoshop ko XCF a GIMP. Ranar da aka ce an yi kuskure a sunan ango, minti ɗaya ne gyaran. Wanda ya haɗe leyoyin ya adana JPEG kaɗai, sai ya koma farko.

Game da adon da ake saukewa, kalmar kyauta ba ta nufin a yi yadda aka ga dama. Masu zanen sukan raba izini gida biyu: na amfanin kai, da na kasuwanci. Mai shagon da ya yi wa kwastoma kundin biki da adon amfanin kai ya karɓi kuɗi, ya saɓa sharaɗin. A Najeriya akwai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma zane na cikin abin da take karewa. Wannan kariya ta shafi matashin da ya zauna ya zana nasa firam ɗin a Kano ko Kaduna kamar yadda ta shafi na waje.

Abin da firam ke iya cinyewa

Babbar asarar ba a launi ko kusurwa take ba. Mutum ya kai hoton mahaifinsa marigayi, guda ɗaya tak da ya rage, a sa masa firam da rubutun addu'a, a turo masa ta WhatsApp, ya goge na asalin domin waya ta cika. Bayan shekaru, abin da jikoki za su gada shi ne ƙaramin hoto da aka matse, an yanke kafaɗa, furanni sun rufe gefen rawani, kuma babu yadda za a cire su.

WhatsApp na rage nauyin hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, kuma firam mai rami yakan isa a toshe. Idan aka tura shi a matsayin dokumen, fayil ɗin na isa yadda yake. Hoton asali kuwa, wanda ba a yi wa komai ba, a ajiye shi a wuri biyu aƙalla. Kowane asusun Google na da gigabait 15 kyauta, sai kuma katin memori ko filashi a gida.

Masu sikirafbuk na asali sun ɗauki rubutu da muhimmanci kamar ado: wane ne a hoton, a ina, yaushe. Gidaje da yawa na da tsofaffin hotunan situdiyo baƙi da fari da yanzu ba wanda zai iya faɗin sunan kowa a cikinsu, saboda waɗanda suka sani sun rasu. Layi biyu a ƙarƙashin firam sun isa.

Nan ma akwai tarko ga mai rubuta Hausa. Yawancin haruffan ƙawa da ake saukewa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Sai a rubuta Ɗanladi ko Ƙofar Mata, harafin farko ya fito a matsayin akwati, ko manhajar ta aro shi daga wani salon rubutu ya tsaya daban kamar baƙo. Jerin haruffan Noto na Google, da Charis da Andika na ƙungiyar SIL, duk suna da haruffa masu lanƙwasa. Kafin a zaɓi kowane salo, a fara gwada shi da kalmomi uku: ƙasa, ɗaki, ɓera.